Ki Hau Hasumiyar Ki Ji Mini

Hadayik el-Ma'adi, Alkahira
Sha'aban 1434, Yuni 2013

Zuwa ga Yaya Lailatu, Funtuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yata Huda da sauran mutanen gida. Ni jikina lau, alhamdu lillahi. Sai dai ba zan iya ci gaba da jera gaisuwa ba kafin in sauke abin da ke kaina.

Yaya, na yi miki ƙarya. Takardar da Alhaji Iliyasu ɗan kasuwa ya kawo miki a watan Rajab, wadda na ce a cikinta na je masallacin Ibn Tulun, na hau hasumiyarsa, na hango Nilu, na sayi abin shan nan mai zaƙi da suke kira irƙisus a wurin tsohon da ke bakin ƙofa, babu gaskiya ko ɗaya a cikinta. Ban je ba. Tun da na sauka ƙasar nan ban taka wani wuri da baƙi ke zuwa kallo ba. Da a ce kunnenki yana ji, da na faɗa miki ta waya, kunyar ta wuce da iska. Amma takarda ce kaɗai hanyarmu, abin da aka rubuta kuwa zama yake yi, don haka dole gyaran ma ya zo a rubuce.

Ga asalin maganar. Kin tuna ranar da aka taru a zauren gidanku, bayan na fita takabar Malam, ƙanenki, Allah ya jiƙan sa, lokacin da takardar tallafin karatuna ta iso? Yayanku Alhaji Munkaila ya ce a gaban kowa: “Mace mai shekara arba'in da biyar, ta bar marainiya ta tafi Masar? Wannan ba karatu ba ne, yawon buɗe ido ne.” Raina ya ɓaci. Na ɗaga yatsa na rantse da Allah cewa ƙafata ba za ta taka ko'ina a Alkahira ba sai makaranta, da masallacin unguwa, da kasuwar cefane, da ofishin da doka ta tilasta mini, har in gama abin da ya kai ni. Kina zaune a wurin, kina kallon bakinmu, ba ki ji ba. Babu kuma wanda ya rubuta miki. Ni da ya kamata in rubuta, na ji nauyi.

Sai ga takardunki suna zuwa, kowace da tambayarta. Na ga dalar Fir'auna? Na shiga kasuwar Khan Khalili? Na hau hasumiyar nan da Malam ba ya gajiya da labarinta? Na yi ta kewaye-kewaye, ina ba ki labarin darasi da tsadar tumatir. Da kika tambaya karo na huɗu, sai na zauna na rubuta miki abin da na sha ji daga bakinsa shekara ashirin da biyu, na mai da shi nawa.

Abin da na sani na Alkahira kaɗan ne. Kowace safiya ina shiga taragon mata a jirgin ƙasa na cikin gari, wanda suke kira metro. Muna wuce wata tasha inda katangar tsohuwar unguwar Kiristoci ke dab da taga, da wata majami'a mai ƙubba, sai in mai da idona kan littafi. Muna wuce tashar Sayyida Zainab, inda Malam ya ce nan mutum zai nufa in yana son Ibn Tulun. Ƙofa ta buɗe, mata su sauka, ƙofa ta rufe. Daga nan sai ƙaramar motar haya zuwa makaranta, da yamma in juyo. Ɗakina yana hawa na biyar, tagarsa tana kallon bangon wani gida, kusa har ina iya ganin tsagar siminti.

Na tuhumi kaina da yawa. Na kiyaye ƙafata daga abin da Allah bai haramta ba, sannan na saki hannuna a kan abin da ya haramta. Wace irin ɗalibar fiƙihu ce wannan? Ina neman gafarar Ubangijina, ina kuma neman taki. Idan har yanzu takardar tana wurinki, ki ƙone ta.

Ki gaishe da Huda, ki ce ta dage da haddarta.

Ƙanwarki,
Husaina

*

Funtuwa
Ramadan, Yuli 2013

Husaina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Huda lafiya. Ya azumi?

Na karanta. Kada ki ƙara ɓata takarda a kan wannan magana. Waccan kuwa ba zan ƙone ta ba.

Iliyasu yana tsaye a ƙofa, yana sauri.

Lailatu

*

Hadayik el-Ma'adi
Zulƙida 1434, Satumba 2013

Zuwa ga Yaya Lailatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa, barka da salla, ko da gaisuwar ta yi latti. Ina fatan kina lafiya. Na yi zazzaɓi a ƙarshen azumi, ya sauka. Na san kuna ganin Masar a talabijin, hankalinku a tashe. Unguwarmu lafiya. An sa dokar hana fita da dare, an ɗage komawa makaranta, ɗalibai da yawa 'yan gida sun tafi hutu ba su dawo ba. Alhaji Iliyasu ma ya dakatar da zuwa, shi ya sa zan ba wani ɗalibi ɗan Katsina wannan, ban san ranar da za ta iso ba.

Amsarki ta zo, na karanta ta har na haddace, ba ta da tsawon da za ta yi wuyar hadda. Tun ranar da aka kawo ni gidanku ba ki taɓa kira na da sunana tsura ba. “Matarmu” kike cewa, ko a baki ko a takarda, har bayan rasuwar Malam. Wannan karon babu. Kin ce kada in ƙara ɓata takarda, kin ce ba za ki ƙone waccan ba. Na fahimta. Wanda aka yi wa ƙarya yana da haƙƙin ya riƙe shaida, kuma ba a tilasta wa mutum yafiya. Na tambayi Huda a waya ko kin ce wani abu a kaina, ta ce, “Goggo lafiyarta lau,” ta sauya magana. Yarinyar ba ta iya ɓoye abu ba, na ji a muryarta akwai abin da aka hana ta faɗa.

Zan ba ki labari ɗaya, wannan na gaskiya ne, don a gabana aka yi. Akwai maƙwabciyata Mahasin, Bahaushiyar Sudan, kakanninta sun tashi daga ƙasar Haɗeja za su Makka a ƙafa, suka tsaya a hanya. Lalle take yi wa amare. Ita ce mutum ɗaya da ke buga mini ƙofa a gidan nan. Da ta ga an rufe makaranta ina kwana ina wuni a ɗaki, sai ta shigo da butar shayi ta ce:

“Ya Hajja, yalla, tashi. Turawa sun gudu, garin ya zama namu. Yau ko dalar Fir'auna kika je, ke da raƙuma ne kawai.”

Na ce ba zan iya ba, na gaya mata dalili. Ta ajiye butar ta dube ni.

“To shi wannan Alhajin da kika rantse dominsa, yana ina yanzu?”

Na ce yana Funtuwa.

“Yana cin tuwonsa?”

Na ce ina kyautata zato.

“Ma'alish, yi haƙuri. Shi yana can yana cin tuwo, ke kina nan kina gadin bango. Ke kin zo Masar ne, ko Masar ce ke wuce ki ta tagar metro?”

Na ce mata rantsuwa da Allah aka yi ta, ba da Alhaji ba. Ta ce, “Khalas, shi ke nan, ke ce malama,” ta zuba mini shayi. Amma maganarta ta kwana da ni. Na san hukuncin, Yaya, na rubuta shi a jarrabawa. Wanda ya rantse a kan wani abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya aikata wanda ya fi. Tambayar ita ce, kallon duwatsu da gine-gine ya fi cika alkawari alheri? Ban ga ta inda ya fi ba. Idan na karya don kaɗaici ya dame ni, son rai na bi, kuma maganar Alhaji ta tabbata.

Yanzu in na fita karɓar littafi, jirgin yana ratsa tashar Tahrir ba ya tsayawa, an rufe ta. Yakan rage gudu, a ga dandamalin babu kowa, fitilu kaɗan, sannan a wuce. Duk taragon yakan yi shiru a wurin. Ban san me ya sa ba, nan ne nake tuna ki.

Ba zan ƙara damun ki da takarda ba sai kin ba ni izini. Allah ya ƙara miki lafiya.

Husaina

*

Funtuwa
Disamba 2013

Matarmu,

Ga shi nan na rubuta da manyan baƙaƙe, ki gani da kyau: MATARMU. Hankalinki ya kwanta?

Salamu alaikum. Huda lafiya, ta kai izu arba'in, ta fi ki surutu, abin da dai nake gani bakinta ba ya hutawa. Alhaji Munkaila lafiya, ƙafa ce ke damun sa. Ni kuma ga yadda nake.

Takardarki ta Satumba sai makon jiya ta iso. Ɗan Katsinan naki ya kai ta Katsina, ta yi zamanta a aljihun jakarsa. Da na karanta na yi dariya, sannan na yi kuka. Ke dai Husaina ba ki da aiki sai tuhumar kanki, in kin gama ki tuhumi mutane da abin da ba su yi ba. Ranar da Iliyasu ya zo, daga asibitin ido na dawo, an ɗiga mini magani, takardar gabana kamar an shafa mata man gyaɗa. Abin da na iya rubutawa ke nan. Da na ce kada ki ɓata takarda, nufina abin bai kai a yi ta magana ba.

Ai tun ranar farko na san ba ki je ba. Kin manta ni na goyi Badamasi, Malam ɗin naki? Kin rubuta cewa matakalar ta nannaɗe hasumiya ta waje kamar rawani, kin ce Nilu daga sama kamar wuƙar da aka manta a cikin toka. Wa ke magana haka in ba shi ba? Sannan tsohon mai irƙisus, mai kaɗa tasoshin tagulla. Lokacin da Badamasi ya sha a wurinsa, shekara talatin da suka wuce, ya ce mutumin ba shi da haƙori ko ɗaya. Shi ne har yau yana tsaye yana jiran ki? Allah ya ja kwanansa! Ban ƙone ta ba don muryar ƙanena ce a ciki. Tun da kunnena ya mutu ban sake jin sa ba sai a takardar nan. Zunubin ƙaryar tsakaninki da Ubangijinki ne, ni dai nawa na yafe tun kafin ki roƙa.

Rantsuwar ce ban sani ba. Na ga kin ɗaga yatsa a zaure, na zaci cewa kike shekara ɗaya za ki yi ki dawo. Har na yi murna.

Yanzu ga abin da na hana Huda faɗa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci ban sani ba. Na hagu ya tafi. Na dama saura kamar leƙe ta ramin makulli, kuma ramin yana ƙanƙancewa. Ba ya dawowa, sai dai a rage masa gudu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni jin ya riga ya tafi, ga ganin yana ɗaure kayansa. Ba ƙorafi nake ba, na yi shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane karatu da idon nan, ya yi aikinsa.

Abu ɗaya nake so kafin a rufe ƙofa. A labarin hasumiyar akwai wurin da kika tsallake, kuma na san dalili, don shi ma Badamasi bai taɓa iya faɗar sa ba. Yakan ce idan lokacin salla ya same ka a can sama, ladanan Alkahira gaba ɗaya za su tashi a ƙarƙashinka. In na ce yaya abin yake, sai ya ce, “Yaya, sai kin ji.” Ya yi alkawarin kai ni, ya yi alkawarin kai ki, bai kai kowa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ban ji kiran salla ba. Agogo nake dubawa, ko Huda ta taɓa kafaɗata. Ba na son dala, ba na son kasuwa. Ki hau hasumiyar ki ji mini, ki rubuto da kalmominki, ba nasa ba, tun ina iya karantawa.

Hukuncin rantsuwa ke kika sani, ni malamar firamare ce. Ba zan ce ki saɓa wa Allah domina ba. Amma zan tambaye ki abu ɗaya, ki amsa wa kanki: Munkaila kike tsoro, ko Allah, ko kuwa ki je ki tarar Badamasi ba ya wurin?

Ki gaishe mini da Mahasin. Wannan matar tana da hankali.

Hannuna ya gaji. Kwana uku na yi ina rubuta wannan.

Yayarki,
Lailatu

*

Hadayik el-Ma'adi
Rabi'ul Awwal 1435, Janairu 2014

Zuwa ga Yayata Lailatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah wa barakatuh. Ya jiki, ya idon? Allah ya sa kaffara ne, ya tsayar da abin da ya rage. Ni lafiya, sai sanyi da ciwon gwiwa, wanda za ki ji dalilinsa. Na sayi alƙalami mai kauri, irin na rubutu a kwali, shi ya sa takardar ta yi yawa. Ki bi ta a hankali, a bakin ƙofa inda rana ke faɗowa.

Tambayarki ta ƙarshe ban so ta ba. Na yi kwanaki ina kawo wa kaina hujjoji, kowace na gina sai in ga ƙasanta babu komai. Gaskiya ita ce, muddin ban je ba, Alkahirar Malam tana nan yadda ya bar mini ita, da tsohonta da tasoshinsa, shi kuma yana tsaye a kan matakala yana ɗan shekara ashirin da biyar. Rantsuwar da na yi cikin fushi ta zama mini mayafi, na ɓuya a ciki ina kiran abin taƙawa. Da na gane haka, na yi istihara, na buga wa Mahasin ƙofa. Ba ta ce komai ba sai, “Tamam, madalla. Sa takalmi mara tsini.”

Ranar Laraba bayan azahar muka fita. Da jirgi ya tsaya a Sayyida Zainab ƙofa ta buɗe, ƙafata ta ƙi. Mahasin ta ja hannuna ta ce, “Ya Hajja, ƙofar nan ba ta san fiƙihu ba, rufewa za ta yi.” Muka sauka. Hanyar cike take da rumfunan alewar Mauludi, da hayaƙin gasa dankali, da masu babur mai ƙafa uku suna yi wa juna ihu. Muka yi ta tambaya har muka ga katanga doguwa, launin ƙasar Funtuwa in ta bushe.

Babu mai irƙisus. A wurin akwai ɗan sanda yana barci a kujera, da wata mata mai sayar da tishu. Mai gadi ya ɗaura mana wasu jakunkunan zane a kan takalma. Tsakar masallacin fili ne babba, a buɗe, da ƙubba a tsakiya, ba kowa a ciki sai mu da kyanwa. Duk hayaniyar titi ta tsaya a waje kamar an hana ta shiga.

Matakalar a waje take, tana zagaya hasumiya, wannan Malam ya faɗi daidai. Abin da bai faɗa ba shi ne duwatsun sun lotse a tsakiya saboda ƙafafun mutane, kuma iska tana cika hijabi tana neman ta tafi da mutum. Mahasin ta zauna a rabin hanya ta ce, “Kakannina sun taka daga Haɗeja, sun yi mini nawa rabon. Je ki, ina nan.” Na ƙarasa ni kaɗai.

Ban ga Nilu ba, Yaya. Gine-gine da ƙurar hayaƙi sun tare shi. Na ga rufin gidaje har iyakar ido, da shanya, da farantan talabijin, da tarkacen da mutane ke tarawa a sama. Ta gabas akwai ganuwa a kan tudu da masallaci mai siraran hasumiyoyi, bayansa dutse fari. A kan wasu gidaje an kafa dogayen akurkin katako na tattabaru, wani mutum yana kaɗa musu tuta suna zagaya shi. Na tsaya na duba ko'ina. Malam ba ya wurin. Abin da na ji tsoro shi ne ya faru, kuma ban mutu ba. Na jingina da dutse na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da shi.

Ina cikin haka la'asar ta yi. Ga abin da kika aike ni.

Kin tuna farkon damina a gidanku, lokacin da kunnenki ke ji, yadda ruwa ke fara dukan kwanon unguwar nesa, ana jin sa yana tahowa gida gida kafin ya iso namu? Haka ya fara. Murya ɗaya daga wajen tudu, ta tsoho, siririya, tana rawa. Kafin ya gama kabbara ta biyu wani ya ɗauka daga kudu, saurayi mai ƙarfin ƙirji. Sai na uku, lasifikarsa tana fito kafin ya soma. Daga nan na kasa ƙirgawa. Ba su jira juna ba, ba su daidaita ba. Wani yana shahada, wani yana kiran mutane zuwa ga tsira, wani yanzu yake gyaran murya. Akwai mai daɗin murya, akwai wanda da a gida ne da an roƙe shi ya bar wa wani. Amma da suka haɗu, sai kalmomin suka narke, ya zama sauti ɗaya mai kauri yana tasowa daga ƙasa, kamar garin ne da kansa ya buɗe baki. Sunan Allah kaɗai ke fitowa sarari, nan da can, kamar kan mutum a cikin taro.

Sai wani masallaci da ke jikin katangar ya ɗauka, dab da ni. Wannan, Yaya, ba da kunne na ji shi ba. Na ji shi a ƙirjina da tafin hannuna da ke kan dutse, dutsen yana kaɗawa a hankali. Na ce a raina, da Yaya na nan, wannan da ta ji shi da kanta. Tattabaru suka tashi gaba ɗaya.

Yadda ya zo haka ya tafi, ɗaya bayan ɗaya, har saura wani can nesa wanda ya makara, shi kaɗai, yana ƙarasawa ba ya sauri. Da ya yi shiru sai ƙarar motoci ta dawo. Na amsa kiran sau biyu, nawa da naki. Na sauko da baya, ina dafa bango, muka yi salla a ƙarƙashin bakan ginin masallacin ni da Mahasin.

Yanzu na san abin da ya sa Malam yake cewa sai kin ji. Ni ma abin da na rubuta bai kai ba, amma nawa ne, babu kalmarsa ko ɗaya a ciki.

Huda, idan takardar nan ta iso idon Goggonki ya riga ya rufe, ki zauna kusa da ita, ki kama hannunta, ki rubuta mata a tafi da yatsa, baƙi bayan baƙi, ko zai ɗauke ku mako. Kada ki tsallake wurin dutsen.

Washegarin hawan hasumiyar na dafa shinkafa da wake, Mahasin ta kai ni wurin wasu 'yan gudun hijira a layinmu, na ciyar da mutum goma. Idan Alhaji Munkaila ya tambaya, a gaya masa yadda abin yake, ba ragi. Rantsuwar da na yi a zaurenku ban cika ta ba. Na karya ta ranar Laraba, da sanina, da ƙafata, kuma na yi kaffara.

Matarku,
Husaina